Daro Takwas a Saman Bene

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya ciwon gwiwar nan? Ni na iso lafiya bayan kwana uku a hanya. Inda aka kawo mu bakin wani tafkin gishiri ne, babu gari kusa, babu layin waya ko kaɗan. Mota ɗaya ce ke kawo mana abinci da ruwan sha duk Litinin, direbanta shi ne gidan wayarmu. In ka rubuta, ka kai ofishin sashenmu a jami'a, su za su ba shi.

Kawu, har yanzu kunya nake ji. Ni da kai ba mu haɗu ya fi sau huɗu ba a duniya, sai ga ni a ƙofarka da daro takwas cike da gansakuka. Da aka ce za a kwance rufin ɗakin gwajinmu na rasa inda zan sa kaina. Mama ce ta ce, "Je ki wurin ɗan kawuna mai wankin tanki, benensa na shan rana tun safe, kuma ba ya wasa da amana." Ga shi wata biyar ke nan kana fama da su, yanzu kuma na tafi na bar ka da su wata huɗu.

Ranar da zan taho ka tambaye ni amfanin wannan ƙazantar, ina sauri ban ba ka amsa ba. To ga ta. Koren nan ba ganye ba ne, wasu ƙananan halittu ne masu kama da zare, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Suna fitar da yauƙi, su saƙa jikinsu da yashi har su zama kamar tabarma. In rana ta fito sai su riƙa jan iskar nan da ke fita daga hancinmu da bututun mota, wadda ake kira iskar kabon, mafi yawa bayan ta narke a ruwa. Da hasken rana suke mayar da ita abinci. Wani su ci, wani su ɓoye a cikinsu don lokacin da babu rana, wani kuma ya tafi cikin yauƙin. Sabuwar shimfiɗa ta hau kan tsohuwa, tsohuwar ta binne da kabon ɗinta. Aikina shi ne in gano nawa ke zama a binne, nawa ke komawa iska. Shekara huɗu nake renon waɗannan, in na dawo zan yanka su in ƙirga shimfiɗun in auna. Duk digirina yana cikin darukan nan.

Saboda haka ka ci gaba yadda muka saba: ruwan gishiri har layin da na zana, a zuba ta gefe a hankali, kada a rufe su. Na san hannunka na ƙaiƙayi in ka ga kore a ruwa. Ka daure, ka ɓoye buroshin.

Ka gaida Inna, ka gaida 'yarka mai ɗinki da ƙaramar jikarka.

'Yarka,
Mai Tabarau

*

Zuwa ga Mai Tabarau,

Bayan gaisuwa, mun ga takardarki, mun gode Allah da kika isa lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, matakalar bene ashirin da biyu ba ta ƙara mata lafiya ba. Innarki na gaishe ki.

Na karanta bayaninki sau biyu. Shekara talatin da ɗaya ina kankare abin nan daga tankunan mutane, ashe ma'aikacin gwamnati nake kashewa ban sani ba. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce tsufa ya kama ni, tunda na koma kiwon gansakuka ina ba ta ruwa da safe kafin in sha shayi.

Akwai abu biyu da ban gane ba. In rana ta ɗaga sai in ga ƙananan kumfa sun fito a samansu birjik, kamar suna numfashi. Tsakar rana kuma korensu ya dushe, da yamma ya dawo. Na biyu, daro na uku ya ɗan ɗaga ta gefe, na leƙa ƙasan ba tare da na taɓa ba. Baƙi ƙirin ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A sana'armu in muka ji wannan warin a tanki, cewa muke kada kowa ya sha. Gaskiya raina bai kwanta da shi ba.

Jikata, wadda nake tsokana da Amarya, ta shiga shekara uku, ƙafa ta yi ƙwari. Uwarta na barinta a wurinmu in za ta shago. Yanzu duk inda na sa ƙafa nan take sawa, har saman benen. Ta ce darukan gonarta ce.

Kawunki

*

Mai Tabarau,

Ina fata kina lafiya. Ban jira amsarki ba, don mu nan babu lafiya.

Shekaranjiya da safe na hau ba su ruwa, Amarya na biye da ni. Na juya ɗauko jarka, kafin in waiwayo ta yago gefen daro na uku, inda ya ɗaga ɗin nan, ta kai baki. Na sa yatsa na ƙwaƙulo abin da zan iya. Innarki ta hau da gudu ta ɓamɓare sauran daga hannunta, ta wanke mata baki. Ta wuni tana wasanta, har muka yi dariyar abin.

Jiya da hantsi ta fara amai. Kafin la'asar zawo ya biyo, jiki ya yi zafi rau. Muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ta tambaya ko ta ci wani abu, na faɗa mata. Ta ajiye bironta ta dube ni. Ta ce ta san akwai irin koren ruwan da ke da guba, yana taɓa hanta, amma ita ba ta san wannan ba. Ta ce, "Baba, wane iri ne?" Wata shida ina ba abu ruwa a saman kan iyalina, ban san ko sunansa ba.

Na je ofishinku. Aka ce malamin da ke duba aikinki ya yi tafiya, sauran kuma kowa ya ce ba fanninsa ba ne.

Uwar yarinyar ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tana zaune a bakin gado ta riƙe ɗan hannun da aka soka wa allura, in na shigo sai ta kalli bango.

Ki faɗa mini gaskiya, don Allah, kada ki lallashe ni. Abin nan yana da guba ko ba shi da ita? Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da tsani ya karye da ni a cikin tanki.

Kawunki

*

Kawu,

Takardunka biyu tare suka zo yau Litinin. Na fara da ta farko ina dariya, na buɗe ta biyu dariyar ta tsaya. Kwana shida ke nan da ka rubuta, ban san halin da Amarya ke ciki ba a yanzu da nake riƙe da biro. Direba ya ba ni rabin awa kafin ya juya. Na ba shi lambarka, na roƙe shi da zarar ya shiga inda waya ke kamawa ya kira ka ya karanta maka wannan.

Ka ce kada in lallashe ka. Likita ta yi gaskiya, a cikin dangin halittun nan akwai masu yin guba. Nawa na gwada su shekara uku da suka wuce, ba a sami komai ba. Amma ba zan rantse maka a kan yau ba. Daro a buɗe yake, iska na kawo ƙura, tsuntsu na sauka, wani iri na iya shiga ya zauna a cikinsu ban sani ba. Ya kamata in sake gwadawa kafin in kawo su gidan da ke da ƙaramin yaro. Ya kamata in ce maka a sa ƙofa a matakalar. Ban yi ko ɗaya ba, hankalina na kan shimfiɗu da awo. Laifin nawa ne, ba naka ba.

Kumfan da ka gani ba komai ba ne, iska mai kyau ce suke fitarwa in suna aiki da rana. Dushewar tsakar rana kuma, zaren ne ke nutsewa ƙasa kaɗan don gudun zafi. Baƙin nan mai wari wasu halittu ne daban da ke zaune a ƙasa inda babu iska, suna cin tsohuwar shimfiɗa suna mayar da wani kabon ɗin waje. Haka kowace irin tabarmar take, warin ba shi ne alamar guba ba. Guba in akwai ta ba ta wari, ba ta launi, shi ya sa nake tsoro.

Yanzu ga abin da za a yi, ka ji da kyau. Kada ka zubar da su, kada ka wanke. Ba don digirina ba, wallahi ya tafi. Ka sa leda a hannu, ka yanko daga daro na uku, daidai inda ta yaga, kamar faɗin tafin hannu. Ka sa a kwalba mai tsabta ka rufe. Ka kai wa wata mata a ɗakin gwaji na hawa na biyu a sashenmu, kowa na kiranta Anti Mai Injin, ka nuna mata takardar nan. Cikin kwana biyu za ta faɗa maka ko akwai guba, da irinta. Da wannan ne likita za ta san abin da take yaƙa. Ba shi, lalube kawai za a yi.

Ka ce a duba mata hanta. Ka duba farin idonta, in ya fara rawaya kada ku ƙara minti ɗaya a ƙaramin asibiti.

Ban san da wane ido zan kalli uwarta ba.

'Yarka

*

Mai Tabarau,

Direbanku ya kira ni jiya Talata, ya karanta mini takardarki tun daga farko har ƙarshe. Allah ya saka masa. Da ya zo wurin kwalbar sai na ce ya tsaya, na nemi dakali na zauna.

Babu abin da zan yanka. Tun ranar Juma'a na wanke su.

Ranar ce zazzaɓin ya fi tsanani, Amarya ta daina gane mu, tana kiran uwarta alhali uwar na riƙe da ita. Na dawo gida ɗaukar zanen gado. Ban san lokacin da na hau benen ba. Na same su shar da su a rana, suna ta kumfarsu hankali kwance, kamar ba su yi komai ba. Zuciyata ta tafasa. Kuma ga 'ya'yan maƙwabta na hawa shanya. Na sauko na ɗauko kayan aikina.

Kin san ni ba na rabin aiki. Na zuba farar hodar da muke kashe ƙwayar cuta da ita, ninki uku na abin da nake sa wa babban tanki. Na bar ta ta ci har koren ya koma fari. Na kankare da ƙarfe. A can ƙasa akwai wani ɓawo mai tauri kamar siminti, yana ƙaras-ƙaras, sai da na sa kurfi. Na tattara duka a buhu, motar shara ta kwashe ranar Asabar. Na wanke darukan sau uku, na wanke daɓen, har magudanar ruwan na bi da hoda. Ko mai duban tsabta ya zo ba zai sami ɗigon kore ba. A lokacin ji na yi na yi wa yarinyar wani abu.

Yau da safe na hau da tocila da tsinke, ina bin tsagar daɓe da gindin bango a durƙushe, ko na bar ɗan wani abu. Ban bari ba. Ban taɓa jin haushin iya aikina ba sai yau.

An mayar da Amarya babban asibiti. Sun ɗebi jini da bayan gida, sun ce sai sakamako ya fito. Idonta bai yi rawaya ba, ina dubawa har ma'aikaciyar jinya ta fara hana ni. Amma ta rame, wuyan hannunta bai fi yatsuna biyu ba. Likitan can ma tambayar da ya fara yi ita ce ko mun zo da abin da ta ci.

Na kashe miki shekara huɗu, na kuma ɓatar da abin da zai nuna wa likita hanya. Ban san wanne zan fara ba ki haƙuri a kai ba.

Kawunki

*

Kawu,

Na karanta. Na fita bayan tanti na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, kuma ni kaina ban san rabon kukan ba, nawa na Amarya ne nawa na darukan. Ɓawon nan da ka sa wa kurfi, kabon ne da ya riga ya zama dutse. In suna jan kabon daga ruwa, sai farar ƙasar da ke narke a ruwan ta daskare a cikin yauƙinsu, ƙwaya-ƙwaya. Wannan shi ne ajiyar da ba ta komawa iska da wuri. Shekara huɗu nake jiran in gan shi da idona, kai ka gan shi.

Ban riƙe ka ba. Da ni ce a benen nan ranar Juma'a, da hannu zan yayyaga su.

Ka tambayi Inna, ka tambayi uwar yarinyar: rigar da ta sa ranar, tsumman da aka goge mata baki, takalminka. Ko busasshe ne, ko ɗan mitsitsi ne, zai yi. Abin nan bushewa ba ta lalata shi.

Na nemi izini, zan biyo motar Litinin mai zuwa. Kwana bakwai ina nan ina auna tabarmar tafki, duk mota da na ji daga nesa sai gabana ya faɗi ko saƙo ne aka aiko. Ba na iya cin abinci. In wani abu ya sami yarinyar nan, ban san yadda zan ƙara shiga cikin dangi ba.

'Yarka

*

Mai Tabarau,

Zan ba direba wannan ya miƙa miki kafin ki hau mota. Ki karanta a hanya, don akwai abin da ba zan iya faɗa a gabanki ba.

Na farko, ki kwantar da hankalinki. Amarya ta farfaɗo. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya, jiya ta ci biredi da shayi, ta ce ma'aikaciyar jinya ta cika surutu. Likita ya ce in ta ci gaba haka za a sallame mu cikin mako.

Da direba ya karanta mini takardarki ta ƙarshe, na tambayi Innarki. Sai ta zazzage jakarta a kan gadon asibiti. Ashe guntun da ta ɓamɓare daga hannun yarinyar ta ƙulle shi a hankici don ta nuna wa likita, tashin hankali ya sa ta manta. Fiye da mako biyu yana ƙarƙashin katin asibiti, ya bushe kamar fatar ganga. Na kai wa Anti Mai Injin da ƙafata. Ta raba biyu, ta gwada rabi, ta sake gwadawa. Babu guba. Ta ce ko yarinyar ta cinye daron duka, iyakaci gishiri ya sa ta ƙishirwa. Ɗaya rabin ta sa a ɗan faranti da ruwa a bakin taga, ta ce in gaya miki ya fara kore.

Ranar kuma sakamakon asibiti ya fito. Likitan ya kira ni ofis. Ya ce ƙwayar cutar da suka samu irin ta gurɓataccen ruwan sha ce, kuma ta kwana biyu a jikin yarinyar tun kafin ranar da ta ci gansakukar. Ya ce, "Baba, ina kuke samun ruwan sha?" Na ce daga tankin gidana. Ya ce, "Yaushe rabon da a wanke shi?" Har na buɗe baki zan gaya masa ko ni wane ne.

Sai na fara lissafi. Na saba wanke shi duk wata uku. Da kika kawo darukan, safiyata ta koma tasu, in na sauko gwiwa ta gaji, in ce gobe. Kafin su zo ma na riga na tsallake sau ɗaya. Ba laifinki ba ne, tankin yana bayan ɗakin girki, taku goma daga inda nake kwana. Ni da Innarki shayi muke sha, ruwanmu tafasasshe ne. Amarya ce ke zuwa famfo da ɗan kofinta na roba sau goma a rana, ni nake buɗe mata.

Na dawo gida na kafa tsani. Murfin ya tsage ta gefe, ban san tun yaushe ba. Na ɗaga na haska. Ba zan rubuta miki abin da na gani yana yawo a ciki ba. Na sauko na zauna a ƙasa har Innarki ta dawo ta same ni a wurin.

Mako uku ina kwana ina tashi da tsoron abinki, ina tsine masa a zuci, na bar ki ke ma kina can kina cin kanki. Na hau bene da hoda ninki uku na kashe wanda bai yi komai ba, na sauko na wuce ta gaban tankin nan ɗauke da buroshi a hannu.

Na faɗa wa Innarki. Uwar yarinyar ban faɗa mata ba tukuna, har yanzu ta ɗauka gansakukarki ce. Jiya ta ce in kin zo kada ki shiga ɗakin da 'yarta take. Na ji, tsoro ya hana ni gaya mata gaskiya. Yau in na kai wa direba takardar nan, asibitin zan wuce in gaya mata da bakina, don kada ki iso ki tarar da laifina a kanki.

In kin sauka a tasha za ki gan ni. In ba ki son gaishe ni, ki miƙo mini jakar kawai in ɗauka.

Kawunki